Kafin Ka Murɗa Makulli

Ƙannena da 'ya'yana masu riƙe sitiyari, da masu jan babur, da matuƙa A Daidaita Sahu, akwai tambayar da nake yawan ji a bakinku duk ranar da jami'in hanya ya tsare ɗayanku ya miƙa masa takarda. Ba a tambayar abin da aka rubuta, ba a tambayar dokar da aka taka. Abin da ke fitowa daga baki shi ne, "Oga, nawa ne?" Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin a ganina ita ce mafarin kuskuren da ke kai samari da yawa gaban alƙali, wasu gidan yari, wasu kuma ya bar su da alhakin rai a wuya har tsufansu.

Takardar nan da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, suke rubutawa, sanarwa ce ta laifi. A jikinta akwai jerin laifuffukan hanya, kowanne da haruffan da aka taƙaita sunansa da su, da makin da ake ɗora wa lasisin direba, da kuɗin tara. An kafa hukumar a 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma Farfesa Wole Soyinka ne ya fara shugabantar ta. Dokar da ta ba ta ikon da take aiki da shi ta 2007 ce, sai ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa da suka biyo baya a 2012. Ku riƙe waɗannan shekaru, domin su ne dalilin da ya sa kuɗin tarar da zan ambata za su yi muku kama da kuɗin kati. An yanka su ne lokacin da naira dubu biyu take da nauyi a aljihu. Darajar naira ta zube, amma haɗarin da ke cikin laifin yana nan yadda yake. Wanda ya auna girman laifi da girman tara ya yi awo da mudun da ba shi ba.

Mu fara da gudun wuce sa'a, tunda shi ne abin alfaharin matasa. A takarda ana rubuta shi SLV, kuma a jadawalin da aka daɗe ana aiki da shi tararsa naira 3,000 ce da maki uku. Ƙa'idar gudu kuwa a fili take: cikin gari kilomita 50 a awa, ƙaramar mota ta gida 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, motar haya ta fasinja kada ta wuce 90, tirela da tanka 60. Waɗannan lambobi ba wani ya zauna ya ƙaga su don ya takura muku ba. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin idonka ya ga akuya ta faɗo titi, ƙwaƙwalwarka ta sanar da ƙafarka, ƙafar ta taka birki, ka riga ka shafe tsawon gidaje biyu ko uku. Sannan idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake buƙata kafin mota ta tsaya ninkuwa yake sau huɗu. Wannan lissafi bai san gwani ba, bai san ɗan koyo ba. Direban da ya yi shekara ashirin yana bin hanyar Kano zuwa Zariya da yaron da ya karɓi lasisi jiya, taya da kwalta hukunci ɗaya suke yi musu.

Sai wanwe, wato bin hannun da ba naka ba. A takarda RTV ne, naira 5,000. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, amma har yau za ka ga matashi ya faɗa hannun masu tahowa don kawai yana ƙyashin zuwa shataletale ya juyo. Ya kunna fitila da rana tsaka, ya manne da horn, kamar hakan ya ba shi izini. Abin da ba ya tunawa shi ne, mai tafiya a ƙasa da zai tsallaka tagwayen hanya gefe ɗaya yake dubawa, gefen da doka ta ce mota za ta fito. Tsohuwar da ta duba hagu ta ga babu komai ta sa ƙafa, ba ta yi kuskure ba. Kai ne ka zo mata daga inda ba ta da dalilin tsammani. Kuma idan aka yi gaba da gaba, gudun motoci biyun ne ke haɗuwa a kan ƙirjin mutanen da ke ciki. Ƙanen wanwe shi ne wuce mota ba bisa ƙa'ida ba, a kan kwana, ko a hawan tudu, ko a kan gada, ko inda aka ja farin layi marar yankewa a tsakiyar titi. Layin da ya yanke-yanke yana nufin kana iya wucewa idan gabanka a buɗe yake. Wanda bai yanke ba katanga ce, ko da fenti aka yi ta.

Yanzu na zo kan kalmar da nake so ku fi riƙewa, wato tuƙin ganganci. A takarda DGD ne, kuma shi ne mafi tsada a cikin laifuffukan direba: naira 50,000 da maki goma. Idan aka je kotu, dokar 2007 ta ba alƙali damar yanke wannan tara, ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyu, ko duka biyun. Tuƙin ganganci ba aiki ɗaya ba ne da za a nuna da yatsa. Doka tana duba yanayi ne: irin hanyar, yawan jama'ar da ke kanta, da yadda ka sarrafa abin hawanka a wannan lokaci. Gudun kilomita 60 a tagwayen hanya da babu kowa ba komai ba ne. Wannan gudun a bakin kasuwa ranar da take ci, ko a ƙofar makarantar firamare lokacin tashi, ganganci ne. Saƙa tsakanin motoci ganganci ne. Tsere da abokinka ganganci ne. Wasan mota da ake yi ranar ɗaurin aure ko kai amarya ko hawan Sallah, ana juya mota a tsakiyar titi tana ƙara, samari sun zauna a kan taga rabin jikinsu a waje, yara sun yi da'ira suna ihu, wannan ganganci ne tsantsa, ko da ango ne da kansa ya ce a yi.

Ga inda tambayar "nawa ne" take rushewa. Dokar nan ta 2007 ta ce wanda ya yi sanadin mutuwar wani ta hanyar tuƙin ganganci zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara bakwai. Ku lura da kyau: aikin da direban ya yi bai canza ba. Juyin da ya yi da mota jiya aka tafa masa, shi ne ya yi yau. Bambancin kawai, yau wani yaro ya matso taku biyu don ya gani da kyau. Tsakanin tarar da za ka biya da kuɗin aljihu da shekara bakwai a gidan yari babu komai sai ko akwai mutum a wurin ko babu, kuma wannan ba a hannunka yake ba. Haka abin yake ga kusan duk laifin da ke kan takardar. Tsallake danja naira 2,000 ne idan mahaɗar babu kowa. Idan mai babur ɗauke da matarsa da jariri ya shigo da koren fitilarsa, sunan laifin ya tashi daga tsallake danja ya koma kisa.

Na san abin da wasunku za su ce: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare, kuma ni ma na yi imani da haka. Amma imani da ƙaddara bai taɓa wanke mai sakaci ba, a shari'ar Musulunci ko a dokar ƙasa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Brunei a 1993 ta tattauna haɗurran mota, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin abin da ya lalata na rai ko dukiya idan ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Don haka wanda ya take danja yana cewa komai nufin Allah ne, ya sani malamai ba sa bayansa.

Waya a kunne ko a hannu lokacin tuƙi UPD ce, naira 4,000. Wannan laifi naku ne, ku 'yan zamani, fiye da na iyayenku. Ku koma kan lissafin ɗazu. Daƙiƙa uku da ka sunkuyar da kai kana duba saƙon WhatsApp a gudun kilomita 100, ka tuƙa mota sama da mita 80 ido rufe. Da wani zai ce ka rufe ido ka tuƙa wannan nisa don caca, da ka ce ba ka haukace ba.

Tuƙi cikin maye kuma, mutanenmu sukan ɗauka maganar masu shan giya ce, don haka ba ta shafe su ba. Dokar ta haɗa giya da ƙwaya a jimla ɗaya. Tiramol da direban dare yake haɗiya don kada barci ya ɗauke shi, da maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018, da wiwi, da sholisho, duk suna ciki. Tarar da ke kan takarda naira 5,000 ce, amma kotu na iya ɗaure mutum har shekara biyu, kuma idan aka samu kayan a jikinka maganar ta bar hannun jami'an hanya ta koma ta hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, inda hukuncin ya fi tsanani nesa ba kusa ba. Ƙwaya ba ta kore gajiya. Ɓoye maka ita take yi, har sai lokacin da jiki ya karɓi haƙƙinsa da ƙarfi, kana tsakiyar hanyar Abuja da fasinja goma sha takwas a bayanka. Maganin barci shi ne ka faka ka kwanta.

Batun lasisi yana buƙatar a tsaya a kansa. Doka ba ta yarda wanda bai kai shekara 18 ya tuƙa mota ba. Hanyar samun lasisi kuwa sananniya ce: makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, takardar izinin koyo, gwaji a wurin jami'an VIO masu duba lafiyar mota, sannan ka je da kanka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Lasisin yana aiki shekara uku ko biyar, gwargwadon wanda ka biya, kuma aji-aji ne: A na babur, B na ƙaramar mota, manyan motoci da nasu. Mai lasisin ƙaramar mota da ya hau tirela, a idon doka ba shi da lasisi. Tuƙi babu lasisi, ko da wanda ya ƙare, naira 10,000 ne da maki goma. Amma tarkon da ya fi kama matasa shi ne na masu cewa, "Kawo kuɗi da hoto, gobe ka zo ka karɓa." Duk lasisin da aka kawo maka gida ba ka je an ɗauki yatsunka ba, ka yi zarginsa. Ranar da jami'i ya duba lambarsa a na'ura bai same ta ba, laifinka ya tashi daga rashin lasisi ya koma amfani da takardun jabu, wanda tararsa naira 20,000 ce kuma yana iya kai ka kotu. Wanda ya sayar maka ba ya wurin. Kai ne a tsaye da katin a hannu.

Haka ma inshora. Mafi yawan direbobi suna ɗaukar ta a matsayin takardar nuna wa ɗan sanda, shi ya sa suke sayen ta bogi a bakin ofishin lasisi. Inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota ita ce wadda ke biyan mutumin da ka yi wa ɓarna, ba kai ba. Daga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi zuwa naira miliyan uku. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta bincikenta a faɗin ƙasa. Ka yi tunanin ranar da ka daki bayan motar da fitilarta ɗaya ta fi albashinka na wata uku. Mai inshora ta gaskiya yana da inda zai dosa. Mai ta bogi sai dai a taru a gidansu a fara maganar sayar da fili. Kuma ko inshorar ta gaskiya ce, idan wanda ke tuƙin ba shi da lasisi, kamfanin ya samu hujjar juya maka baya.

Lodi fiye da ƙima naira 10,000 ne. Ga masu haya ina da magana ɗaya: na san balas na jiran ku da yamma, na san mai ya yi tsada, na san fasinja biyu a gaba su ne ribar. Amma birkin an ƙera shi ne don wani nauyi, tayar ma haka. Waɗanda kuma ke hawa saman kaya a tirela daga Arewa zuwa Kudu, tare da shanu ko buhunan albasa, don rangwamen kuɗin mota, su ne idan motar ta faɗi ake ƙirga gawarsu da gommai. Kada ka zama direban da ya ɗauke su, kada ka zama fasinjan da ya hau.

Taya tana da ranar haihuwa, kuma da yawa ba su sani ba. A gefenta akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, ko da zanenta bai cinye ba, domin roba tana bushewa, kuma zafin kwaltarmu a watan Afrilu ba ya yi mata sauƙi. Kafin ka sayi taya ta gwanjo, ka durƙusa ka karanta. Sauran ƙananan, irin su rashin ɗaura bel, rashin hular kwano, fasasshen gilashin gaba, rashin tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa idan mota ta lalace, tararsu tsakanin naira 2,000 ne da 3,000.

To, idan an tsare ka fa? Farko ka san wanda ya tsare ka. FRSC ta tarayya ce. A Kano akwai KAROTA, wadda aka kafa a 2012, a Kaduna akwai KASTLEA, ga VIO masu duba lafiyar mota, ga 'yan sanda. Hukumomin jiha da dokar jiharsu suke aiki, kuma tararsu takan bambanta da wadda na lissafa, sau da yawa ta fi ta yawa. Ka faka da kyau, ka yi sallama, ka miƙa takardunka, ka tambayi sunan laifin da ake tuhumarka da shi. Wannan haƙƙinka ne, kuma tambayarsa cikin ladabi ba rashin kunya ba ce. Tarar FRSC ba a hannu ake biyan ta ba, ta banki ake biya zuwa asusun gwamnati, a ba ka shaida. Idan ka miƙa na goro don a rufe magana, ka sani yunƙurin ba jami'i cin hanci laifi ne mai zaman kansa a kan takardar nan, naira 10,000 da maki goma. Ɗaga hannu a kan jami'i ma haka, kuma shi kotu yake kaiwa kai tsaye. Idan an riƙe motarka, bayan awa 24 kuɗin ajiya yana fara hawa kullum. Idan kuma kana ganin an zalunce ka, ba dole ba ne ka amsa laifin da ba ka yi ba. Kana da damar a kai maganar gaban majistare, ko a kotun tafi-da-gidanka da ake kafawa a bakin hanya, musamman a watannin ƙarshen shekara. Ba na musun cewa a cikin masu kaki akwai waɗanda ke neman na cefane. Akwai su. Amma abincinsu shi ne direban da bai san sunan laifinsa ba kuma takardunsa ba su cika ba. Wanda ya san doka kuma ya cika ta, da wuya a daɗe ana jan sa.

Maki kuma ba ado ba ne. Suna taruwa a kan lasisinka, daga gargaɗi zuwa dakatarwa zuwa ƙwacewa. Ga wanda tuƙi ne abincinsa, wannan ya fi kowace tara ciwo.

Saura magana mafi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya, wato ku da ƙannenku. A Nijeriya, alƙaluman FRSC sun nuna sama da mutum dubu biyar sun mutu a hanya a 2023, haka ma a 2024. Allah Ya tsare, amma idan wata rana kai ne ka buge mutum, abin da za ka yi a minti goma na farko shi zai raba makomarka. Zuciya za ta ce ka gudu. Rashin kai rahoton haɗari laifi ne na naira 20,000, amma wannan ƙarami ne a kan abin da gudun ke jawowa: wanda ka bari kwance wataƙila da ya rayu da an kai shi asibiti da wuri, kuma alƙalin da zai saurari shari'arka zai ji cewa ka tsere. Ka tsaya, ka kira 122, lambar gaggawa ta FRSC wadda ba a cajin kuɗi, ka taimaka a ɗauki wanda ya ji rauni. Asibiti ba shi da ikon ƙin karɓar wanda ya yi haɗari. Akwai tarar naira 50,000 a kan haka. Idan jama'a sun taso kuma ka ji tsoron ranka, ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa kai tsaye ka faɗi abin da ya faru da bakinka. Wanda ya kai kansa da wanda aka kamo bayan kwana uku, ba kallo ɗaya doka take yi musu ba, iyalan mamacin ma haka.

Bayan kotu kuma akwai wani hisabin. Ga Musulmi, kisan kuskure yana da diyya, wadda asalinta raƙuma ɗari ne, sai idan magada sun yafe. A ƙasarmu sau da yawa sukan yafe, su ce sun bar wa Allah. Yafiyarsu tana sauke diyya, amma ba ta sauke kaffara, wato azumin wata biyu a jere. Na san wani matashi a unguwarmu da ya yi wannan azumi. Yarinya ce ya buge, 'yar shekara shida, an aike ta sayen sikari, shi kuma yana sauri ya kai motar gida kafin mahaifinsa ya farka daga barcin rana. Iyayenta sun yafe tun ranar sadakar uku. Ya yi azuminsa cikin zafin bazara ba tare da ya sha ko ɗaya ba, ya gama, shekaru sun wuce, ya yi aure ya haihu. Har yau idan zai je masallacin Juma'a, ta bayan layi yake zagayawa, don kada ya bi ta ƙofar gidansu.